Irin Gero Ya Zo Ganin Gida

A zamanin da, fara ta cinye gonakin ƙasar Tudu ƙarƙaf. Sarkin Kwari, maƙwabcinsu, ya ce kada a ba su ko ƙwaya.

Wata tsohuwa a Kwari ta tuna kakarta ba ta taɓa hana maƙwabci irin shuka ba. Ta cika ƙwarya da gero ta kai musu.

Da ta dawo, Sarkin Kwari ya ce, "Wa ya aike ki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a hana iri."

Bayan damina uku, ambaliya ta share rumbunan Kwari. Sai ga mutanen Tudu da dammunan gero a ka, suna cewa, "Iya, irinki ne ya zo ganin gida."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ƙasashen biyu suka haɗa rumbu, daga baya suka haɗa sarauta. Allah ya jiƙan mutanen da.