Faranti Uku na Dakta Zuwaira

Ranar wata Juma'a a watan Maris na 1996, ana tsakiyar zafi, aka kira Sufeto Labaran zuwa wani ɗakin binciken magunguna a Malali. Ya tarar da shugabar wurin, Dakta Zuwaira, tsaye gaban firji, idonta ya yi ja.

"Me aka ɗauke, Dakta?"

"Ƙwayoyin bakteriya, yallaɓai. Faranti uku."

Sufeto ya murmusa. "Wanda ya saci cuta ai ya hukunta kansa."

"Waɗannan ba sa kawo ciwo, a ƙasa suke rayuwa. Na ciro ƙwayar gado daga wani iri na dasa a wani, sai suka fara fitar da sabon maganin da ke kashe cututtukan da suka gagari allura. Shekara shida ina kai. In suka wuni a zafin nan, sun mutu."

Ta buɗe masa farantin irin na asali. Ƙamshi ya doki hancinsa, irin na ƙasa in an yi ruwan farko. Ya duba ƙofa, ba a fasa ba. Makulli biyu ne: nata da na mataimakinta, Malam Ɗahiru.

Audi mai gadi ya rantse bai ɗaga daga bakin get ba.

"Baba, wannan ƙunshin goro da alewa a aljihunka fa?"

Tsohon ya sosa ƙeya yana dariya. "Sunan jikana aka yi a Unguwar Kanawa, ranka ya daɗe. Leƙawa kawai na yi. Amma da na dawo na ga Malam Ɗahiru ya mayar da motarsa ƙarƙashin mangwaro. Bai taɓa ajiye ta can ba, wai tsuntsaye na ɓata ta."

Ɗahiru na ofishinsa yana karanta jarida.

"Rabona da ɗakin firjin tun Laraba," in ji shi.

"Madalla. Motarmu ta tafi, ko za ka rage mini hanya zuwa caji ofis?"

Suna shiga motar Sufeto ya ja numfashi, ya ji ƙamshin nan na ruwan farko, ya leƙa sama ta taga. Ko ɗigon girgije babu.

"Malam, a garinku kaɗai aka yi ruwa? Buɗe mana but."

A ciki akwai kular abinci cike da ƙanƙara, faranti uku a jere a kai. Ɗahiru ya jingina da mota.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Wani kamfani ya yi mini alkawarin zai sa sunana ni kaɗai a kan maganin."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya saka masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa.

Dakta Zuwaira ta ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a haske. Sai ta saki dariya har da hawaye.

"Suna da rai! Alhamdulillahi, duka ukun!"

Audi ya shiga raba wa ma'aikata alewar suna. Kofur ya dawo ya tambaya ko za a tafi da farantan a matsayin shaida.

Sufeto ya jefa alewa a baki. "Bar su wajen uwarsu. Ni ba ni da ɗakin tsare irin waɗannan shaidun."