Kallabin da ke Kan Birki

Gavrila yana kwance a ƙarƙashin tsohon taragon katako, hannu duk giris, sai ya ga ƙafafun mace sun tsaya a bakin layin dogo. Ya leƙo. Budurwa ce, riƙe da kwanon tuwon masara da cuku da take kawo wa ma'aikata, idonta kafe a kan farin ƙyallen da yake goge hannu da shi.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

Ya ce a mariƙin birki ya kwance shi, ya ɗauka tsumma ne. Ta dire kwanon, ta juya ta shige cikin hazo ba ko waiwaye.

Tsoho Ilie, direban jirgi, shi ya ba shi labari, don Gavrila baƙo ne a wannan kwari na Maramuresh, a ƙasar Romaniya, gyaran taragu ya kawo shi kafin masu yawon buɗe ido su zo. Taragon nan na Nutu ne, mai riƙe birki, wanda gungume ya danne a kwanar kogi. Ya mutu bai yi aure ba, aka yi masa bikin aure ranar jana'iza kamar yadda aka saba, aka yi wa 'yar maƙwabta, Viorica mai kawo abincin nan, shigar amarya ta bi akwatin gawa. Wasu 'yan matan sun yi haka sun kuma yi aurensu. Amma Inna Palaga, uwar Nutu, har yau "surukata" take kiranta, ita ce kuma ta ɗaura kallabin yarinyar a kan birkin.

"Samari biyu sun zo neman aurenta," in ji Ilie. "Duk wanda ya zo, gari na wayewa sai a tarar taragon ya gangaro shi kaɗai. Sun gudu. Kai ma ka daina washe baki, ɗan birni."

Bai daina ba. Ya wanke kallabin tas, ya mayar, ya nemi lambarta, ya tura mata saƙo.

*Na mayar da shi. Ki yafe mini. Tuwon ya yi daɗi, mai tuwon ta fi.*

Sai da yamma ta amsa: *Ba ka tsoro ne?*

*Ina ji. Amma na fi tsoron gobe wata ta kawo abincin, ba ke ba, 'Yar Hazo.*

Washegari taragon ya gangaro har bakin rumfar gyara. Gavrila ya duba birkin, lafiyarsa ƙalau. Duk da haka bai tafi ba.

Da uwarsa ta ji, ta rantse a waya cewa ɗanta ba zai yi takara da mamaci ba. Viorica kuwa ta daina zuwa. *Ka rabu da ni, Gavri,* ta rubuto. *Ina son ka da rai.*

Ran Lahadi bayan coci ya sa fararen kaya. Bai nufi gidan su Viorica ba, ƙofar Inna Palaga ya buga. Ya durƙusa, ya ce neman aure ya zo, tunda a hannunta yarinyar take.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ta, duk kewaye ta ake yi kamar kabari.

"In na sake ta, wa zai tuna da ɗana?"

Ya ce zai gyara taragon, ya rubuta sunan Nutu a jikinsa, kullum yana kan dogo.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Ka kai ni wurin taragon."

Da hannunta ta kwance kallabin, ta sa aka kira Viorica, ta miƙa mata, su biyun suna kuka. Ita ce kuma ta karɓi waya ta lallashi uwar Gavrila har ta sauko.

Ranar biki an ƙawata taragon da rassa da furanni, ango da amarya da Inna Palaga a kai, masu goge a na baya. Da suka doshi kwanar kogi, inda gangara take da sauri, sai mariƙin birki ya juya a hankali, ba hannun kowa a kai. Taragon ya sassauta, ya sha kwanar lafiya.

Viorica ta damƙe hannun mijinta. Inna Palaga ta share hawaye, ta shafa ƙarfen.

"Nutu ya raka ku," ta ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a, 'ya'yana."