Turmin da Ba a Rubuta a Takarda Ba

Ku matso kusa. Ladidi, kife wayar nan, haskenta na kiran abin da ba mu gayyata ba. Kai kuma Ɗan'asabe, in za ka yi fitsari je ka yi yanzu, don in na gama ba mai raka ka.

Kun san na yi shekara shida ina jan motar rakiya. Ni ne a gaba da jan ƙyalle, ina kore mutane daga hanya, babbar tirela na bina a baya. Direbanta Ilu Dogo, mutumin kirki, ba ya ko cin goron da ba nasa ba. Ran nan mun ɗauko taransifoma na wutar lantarki, ƙato kamar ɗaki. A aikinmu doka ɗaya ce ba a wasa da ita: abin da aka auna aka rubuta a takardar izini, shi kaɗai ke hawa bayan mota. Ko buhun gawayi ba a ƙarawa. Da wannan nauyin aka lissafa kowace gada da za mu taka. Kuma rana na faɗuwa, dole mu tsaya inda muke.

Da hantsi aka kira Ilu. Mahaifiyarsa, Inna Kande, na kwance a Rafin Tsamiya, ƙetaren wata tsohuwar gada da ke kan hanyarmu. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ba ta cin komai. Sunanka kawai take kira."

Ilu ya ƙara wa mota wuta. Motar kuwa ba ta gudu, tafiyar raƙumi take. Ya lissafa, in ba mu tsaya ko'ina ba za mu haye kafin magariba.

Rana tsaka, inda aka sare wata kuka don faɗaɗa titi, sai ga tsohuwa a tsaye. Ba gida kusa, ba gona. Turmi ɗan ƙarami a gefenta. Na wuce ta. A madubi na ga Ilu ya taka burki. Na dawo da gudu.

"Ilu, lafiya?"

"Turminta kawai za mu haye mata da shi."

"Takarda fa?"

"Bawa, dube ta. Sa'ar Inna ce."

Tsohuwar ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Tana gabana, bakinta na motsi, amma muryar daga bayan kunnena ta fito. Na waiga, ba kowa. Na sunkuyar da kai. Zanenta ya sauka har ƙasa, sai dai sawun da ta bari a ƙura ba na mutum ba ne. Zagaye yake, irin na jaki.

Na buɗe baki in faɗa, harshena ya ƙi. Ni, Bawa, da ko a makabarta sai na tsokani wani.

Ilu ya ɗora turmin da hannu ɗaya. Ya jefa masa sarƙa, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Ya ce mu tafi, lokaci na ƙurewa. Tsohuwar ba ta hau ba.

Mun ɗan taɓa tafiya, na leƙa madubi. Kusa da turmin akwai tulu. Ba mu tsaya ba, ba wanda ya ɗora. Can gaba na sake leƙawa, ga tabarma a naɗe kusa da su. Sai ƙyaure. Sai duwatsun murhu uku. Injin ya fara nishi. Ilu ya sauko giya, ya sake saukowa. Tayoyi talatin da biyu, kowace ta kwanta kamar an danne gurasa.

Ladidi, saki hannuna, kina ji mini ciwo.

La'asar sakaliya muka iso bakin gadar. Ilu ya ɗora tayoyin gaba kawai. Gadar ta yi ƙara, ƙasa ta zubo daga ƙarƙashinta cikin ruwa. Ya ja da baya, ya diro, rigarsa sharkaf da gumi.

"Ba ni makullinka."

Na miƙa masa, amma motata ta ƙi tashi. Ko tari ba ta yi ba. Ya zura a guje da ƙafa, na gan shi ya kai tsakiyar gada, kafin in ƙifta ido ga shi a gefena yana haki. Sau uku. Wayarsa na ta ruri a aljihu, ya kasa ɗauka.

Sannan muka gan ta, zaune a kan tabarmar, saman mota.

Ilu ya durƙusa a kwalta. "Baba, don Allah ki sauke kayanki. Uwata na mutuwa."

"Kai ka ɗora."

"Turmi kaɗai na ɗora!"

"Wanda ya ɗauki turmi ai gidan ya ɗauka. An sare mana mazauni. Mu ba ma haye ruwa sai an haye da mu."

"Gadar ba za ta ɗauka ba. Za mu hallaka."

"Ku dai."

Ya yi kuka, ƙato da shi, har da majina. Can ya share fuska ya ce, "To a bi ƙa'idar aikinmu. Kaya ɗaya, tafiya ɗaya. Ni zan kai su da kaina."

Ta nuna shi da yatsa. "Kai kaɗai. Wancan mai surutun kada ya taɓa."

Wallahi ban yi musu ba.

Ya fara da duwatsun murhu, ɗaya bayan ɗaya. Dutsen da Ɗan'asabe zai iya jifa da shi, Ilu na tafe da shi a duƙe yana nishi. Ya kai ƙyauren. Ya kai tabarmar, wani abu na numfashi a cikinta. Da ya ɗauki tulun, na ji ana dariya ƙasa-ƙasa a ciki, muryoyin yara. Rana ta yi ja, ta taɓa kan itatuwa. Saura turmi.

Sau biyu yana faɗuwa kafin ya kai shi ka. Na ji wuyansa ya yi ƙas. Tafiyar da ba ta fi taku ɗari ba, da jan ƙafa ya gama ta, yana kiran "Inna, Inna" a kowane taku. Yana direwa, tayoyin tirela suka miƙe, motata ta tashi da kanta. Muka haye da sauran haske kaɗan. A ƙetaren ba turmi, ba tulu, ba kowa.

Mun sami Inna Kande da ranta. Ta kama hannunsa ta ce, "Ka daɗe. Tun azahar na so tafiya, wata tsohuwa ta zauna ta riƙe mini babban yatsan ƙafa. Ta ce in dakata, ɗana na yi musu dako."

Ƙanwarsa ta rantse ba wanda ya shigo ɗakin.

Suka yi hira, ta sha kunu daga hannunsa, ta yafe masa, ta sa masa albarka. Da asuba ta cika.

Ilu na nan da rai, amma wuyansa a karkace yake har yau, ba ya iya duban sama. Ku kuma, in hanya ta kai ku Rafin Tsamiya, kada ku bi ta ku kaɗai. In kuka ga mai ɗan kaya a bakin titi da rana tsaka, ku dubi ƙasa kafin ku dubi fuska.

Ɗan'asabe, tashi ka rufo mana ƙofar zaure. Kai kaɗai.