Zoben Laka

Ranar da Jelani ya fara ganin Bara'atu, yana durƙushe ne a gonar babanta a gefen Maikujera, yana cika leda da ƙasa. Wani kamfani ke son haƙar farar ƙasa a wurin, shi ne kamfanin ya turo Jelani daga Wurno ya auna ya rubuta: ko filin yana da amfanin noma, ko a bar wa masu haƙa.

"Malam, mi kaka ɗiba ga gonar mutane?"

Ya ɗago ya gan ta da ƙwaryar fura a ka. Mutumin da ya yi shekara biyar a jami'a, sai ga shi yana in'ina.

"Awo nika yi," ya ce da ƙyar. "Yashi ne, ba ya riƙe ruwa."

Ta yi dariya, ta sauke ƙwaryar, ta ɗauki fartanya ta tona har iya gwiwar hannu. Baƙar ƙasa ta fito. Ta jiƙa ta da ruwan gorarsa, ta mulmula, ta lanƙwasa ta yi zobe, bai tsage ba.

"Baba ya ce in ta yi zobe, albasa ta samu gida. Ambaliyar da anka yi ita tar ruhe ta da yashi."

Ta ajiye masa zoben a tafin hannu ta wuce. An koya masa wannan gwajin tun ajin farko, gaggawa ce ta sa ya tsallake shi. Ya tsaya yana kallon zoben, zuciyarsa kuwa ta riga ta bi mai furar.

Daga nan fa aiki ya yi yawa a Maikujera. Gona ɗaya sai da ya auna ta sau shida, har ya samu lambar wayarta.

"Malamata, yau ma na tona, ban samu abin da ya kai ki daraja ba."

"Ɗalibina, ka ci gaba da tono. Amma ka ci abinci tukuna."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Malam Maccido, babanta, ya ƙi sam. "Wanda yaz zo bisne gonata ba ya ɗaukar ɗiyata."

Ga kuma Alhaji Atiku, dillalin kamfanin, wanda ya daɗe yana neman auren Bara'atu. Shi ya kawo wa tsohon takardar da Jelani ya miƙa wa kamfanin tun ranar farko da safe, kafin ya koma ɗibar ƙasa su haɗu, ya karanta masa a gaban Bara'atu: ƙasa marar amfani. Ga sa hannun Jelani ɓaro-ɓaro.

Bara'atu ta yi kuka sosai, don ta riga ta so shi. Ta tura masa saƙo: "Ashe ka kashe gonarmu tun tuni, kana ce mini Malamata. Kar ka sake kirana."

Amsa ta zo nan take: "Ni na rubuta, kuskurena ne, na kuma ji kunyar gaya miki. Na kai wa kamfanin gyara sun ƙi karɓa. Ki roƙi Baba ya zo gona gobe da hantsi. Ina son ki, Bara'atu."

Da hantsi gona ta cika. Jelani ya gayyato mai gari da manyan kamfanin, ya tuɓe riga ya haƙa rami goma da hannunsa. A gaban kowa ya ce, "Sama kaɗai nid duba, na yi kure. Baba, kai ka san ta, kai za ka auna."

Malam Maccido ya harare shi, sannan ya durƙusa. Rami na farko, zobe. Na biyu, zobe. Kafin a kai na goma mutane na ƙirgawa da ƙarfi, mata na leƙe ta bayan darni. Jelani ya zaro sabuwar takarda ya rubuta ƙasar noma ce mai daraja ta ɗaya, mai gari ya sa hannu a matsayin shaida. Alhaji Atiku ya sulale, ko fura bai jira ba.

Kamfanin ya koma wani fako da ko akuya ba ta kiwo, ya kuma sallami Jelani daga aiki. Da Jelani ya zo sallama, tsohon ya tsare shi a zaure.

"Ina za ka? Yaron da ka iya cewa na yi kure gaban jama'a, shi aka ba ɗiya. Turo magabatanka."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Washegari da safe Jelani ya buɗe wani ɗan gwangwani ya miƙa mata. Zoben nan ne, ya bushe ƙaƙas a cikin auduga.

"Kai, ɗalibina. Har yanzu bai tsage ba?"

"Malamata, ke kika ce in ta yi zobe an samu gida."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya sa albarka a gonar da ta haɗa su.