Zuciyar da Ba Ta Ɗingishi

Gab da magariba na shiga ɗakin mai gidana in ɗauko agogon asibiti, don 'yata Auta ta mayar musu. Ba agogon duba lokaci ba ne. Bugun zuciya yake saurare, ya gaya wa waya ko mutum ya yi nisa a barci, ko yana mafarki, ko ya kusa farkawa. Likita ya ba shi don a auna barcinsa a gida. Ranar da ya fara ɗaurawa ya ce mini, "To Tsohuwa, kin samu mai kai miki tsegumi."

Tun da aka binne shi agogon ke kan matashinsa. Ban taɓa ba.

Ɗakin na warin man zafi. Ina miƙa hannu, wayar ta yi ƙara. Ni na koya wa kaina karanta launukan da take nunawa, ba ta ruɗa ni. Shuɗi: barci mai nauyi.

Ga agogo kuwa, ba hannun kowa a ciki.

Katifa ta lotsa. A hankali. Ƙarfen gado ya yi kuka.

Ja. Mafarki.

Auta ta leƙo, ta ga wayar. Ta raɗa, "Inna, fito."

"Yi mini shiru."

"Baba ya rasu fa, Inna."

"Ni za ki gaya wa? Wa ya rufe masa ido?"

Fari. Ya kusa farkawa.

Sai murya daga matashin, ƙasa-ƙasa: "Tsohuwa. Tashe ni."

Wallahi na so. Kira ɗaya ne kawai. Na durƙusa, na kai kunne inda ƙirjinsa ke zama. Sanyi kamar siminti.

Dum. Dum. Dum.

Daidai wa daida.

Zuciyar mai gidana ɗingishi take. Ta buga, ta buga, ta yi tuntuɓe. Tun ina amarya a kan tuntuɓen nan nake barci.

"Ba kai ba ne," na ce.

Wani abu ya damƙe mini wuyan hannu.

Auta ta fizgo ni ta zani. Muka zube a waje. Ta banko ƙofa.

Washegari ƙanin mai gidan ya shiga ya ɗauko agogon, ya mayar. Shatin yatsu har yau bai bar hannuna ba. Mutane na cewa Allah ya kiyaye, ina cewa amin. Amma kar in yi muku ƙarya. Da zuciyar nan ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya, da na tashe shi, ko ma wane ne.