Baƙin Mai a Gindin Gawo

Ranar da aka fara jifa a gidan Mushe Mahamud, babu abin da ya bambanta yammacinta da na jiya. Rana ta yi sanyi, inuwar duwatsun Birni ta miƙe ta rufe rabin unguwa, masu tura ruwa suna komawa gida da jarkoki wayam. Yayarsa Jummai tana tuƙa tuwon hatsi a tsakar gida. 'Yarsa Raliya, budurwa mai shekara goma sha bakwai, tana kwashe wanki daga igiya. Shi kuwa maigidan yana zaure, tsugune gaban babur ɗinsa yana goge sarƙa da tsumma, aikin da bai fasa ba tun da ya dawo daga tafiya kwana tara da suka wuce.

Ladan ya ɗaga murya ke nan dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Jummai ta ja tsaki ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo a tsakiyar gida, dab da murhu, ya tsaya cak inda ya sauka, bai gangara ba. Raliya ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta janye hannu da sauri. Dutsen da zafi, kuma baƙin mai ya shafe shi.

Sai da aka idar da isha'i jifan ya tsaya. Mahamud ya leƙo daga zaure sau ɗaya, ya dubi duwatsun, ya koma ga sarƙarsa.

A nan ya kamata a faɗi ko wane ne Mahamud, don kada a ɗauka mugu ne. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a can, kuma ya yi shekara ashirin yana nuna wa yaran Damagaram taswirar ƙasashen da shi kansa bai taɓa takawa ba. Matarsa Hadiza ta rasu a farkon damina bayan ciwon kwana biyar. Bai yi kuka ba, wannan kuwa ba abin zargi ba ne ga namiji. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, washegarin sadakar uku, tabarmin zaman makoki ba a ko naɗe su ba, ya fito da ɗan babur ɗinsa na Sin, ya ɗaura masa tabarma da jarkar mai da butar shayi, ya ce wa Jummai ta zauna da yarinya. Ya tayar ya tafi. Masu zuwa gaisuwa daga Gaffati da Guna suka riƙa tarar da Raliya ita kaɗai a kan tabarma tana amsa musu. Wannan kam bai kyauta ba, kuma duk unguwa ta faɗa.

Kwana ashirin da uku ya yi. Ya bi ta Matamaye ya tsallaka iyaka a Ɗan Barto, ya shiga Nijeriya ta Daura. Da ma'aikatan iyaka suka tambaye shi ina ya nufa, ya ce babu ko'ina, suka dubi juna, suka dubi takardunsa, suka bar shi ya wuce. Bai taɓa kama ɗakin kwana ba. Barandar masallaci ce masaukinsa, ko gefen gidan mai. Abincinsa garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino. Ya wuce Kazaure, ya wuce Ringim, ya ga kogi cike da ruwa a karo na farko a rayuwarsa, ya tsaya ya dube shi yadda mutum yake duban bango. Yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, babu abin da ya motsa. Da ya gaji da jira sai ya juya kan babur zuwa gida.

Tun kafin ya iso iyaka ya ji bayan babur ya yi nauyi, kamar ya goya mutum. Bai waiwaya ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Jifa ya ci gaba kwana uku, kullum daga magariba zuwa isha'i. Tuwo ya fara warin ƙonannen mai. A rana ta uku Jummai ta ji muryar mace daga zaure, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin jariri, alhali babu kowa a zauren sai babur.

A rana ta huɗu, ana kiran magariba, Raliya ta ajiye tsintsiya ta nufi zaure a hankali. Ta hau kujerar baya ta babur, ta zauna a kaikaice irin zaman manyan mata, ta lanƙwasa hannuwa kamar mai rungume da yaro, ta shiga jijjiga. Idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Da isha'i ta yi sai ta zame ƙasa, ta farka ba ta san abin da ya faru ba. Washegari ƙuna ta fito mata a kafaɗa da bayan hannu, ba tare da wuta ta taɓa ta ba. Aka kai ta likita, aka ba da man shafawa. Ƙunar ta ƙaru. Ta daina cin abinci, ta daina magana, cikin mako guda wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Mahamud yana gani. Yana sayo magani, yana biyan mai ruwa, yana zuwa masallaci. Da yamma ya zauna a bakin zaure yana kallon 'yarsa a kan babur, fuskarsa babu komai.

Jummai ta tsaya a kansa ta ce, "Mahamud, kai wane irin mutum ne? Yarinyar nan mutuwa take yi a gabanka."

Ya ce, "Na gani, Yaya."

"Ka gani, sai me?"

Ya dubi babur. Sannan ya ce, "Na san ya kamata in ji tsoro. Ina ta nema, ban samu ba."

Jummai ta juya ta bar shi. Ta aika garin Gidimuni a ɗauko Malam Bukar.

Malam Bukar ɗan tsoho ne ƙanƙani, tafin ƙafarsa duk faso irin na manoman bakin tabki. Wanda ya gan shi a tasha zai ɗauka goro ya zo saye. Bai zo da turare ko layu ba, sai carbi da gorar ruwa. Ya iso da la'asar, ya zagaya babur sau ɗaya, ya danna kujerar baya da tafin hannu, ba ta lotsa ba ko kaɗan. Ya ce a shimfiɗa masa buzu a zaure, ya zauna yana jiran rana ta faɗi.

Haske ya ja baya daga bakin ƙofa. Unguwa ta yi tsit, har awaki suka daina kuka. Raliya ta shigo, ta hau, ta fara jijjiga. Malam ya soma karatu, ba da ƙarfi ba, aya bayan aya, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. An jima ana haka. Can sai jijjigar ta tsaya, kan yarinyar ya juyo a hankali.

"Ya isa, Malam. Ni ma Musulma ce, kada ka ƙona ni da abin da na yi imani da shi."

Muryar ba ta Raliya ba ce. Muryar babbar mace ce, wadda kuka ya dusar. Jummai ta dafe bango.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

"Daga hayin iyaka. Akwai wani gawo a gefen hanya, tsakanin Gumel da Maigatari. Nan ne gidanmu tun kakanni."

"Me ya raba ki da gida, har kika shiga jikin marainiya?"

"Tambayi mai babur."

Malam ya juya ga Mahamud, wanda ke zaune a bakin zaure. Mahamud ya faɗi abin da ya faru, da murya irin ta mai karanta darasi. Ranar da zai baro Nijeriya ya sayi man inji, don ya fi araha a can. Bai ga dalilin biyan makanike ba a kan aikin da zai iya da kansa. Da magariba ta kawo jiki sai ya ratse gindin wani gawo, ya kwance ƙusar ƙarƙashin inji tun yana da zafi, domin baƙin mai ya fi zuba da zafinsa. Ya bar shi ya tsiyaye cikin wani ɗan rami tsakanin saiwoyi, ya ɗura sabo, ya wuce.

Malam ya ce, "Ka yi bisimilla? Ka ce a kau da yara?"

"Allah gafarta Malam, ko ruwan shayi zan zubar sai na faɗa. Haka aka tashe mu. Amma wannan mai ne na babur. Bai zo mini a rai ba cewa shi ma abu ne mai zafi."

Muryar ta ce, "A ramin nan na kwantar da ɗana. Bai kai yaye ba."

Daga nesa ana jin wani masallacin da ya makara yana tada salla.

"Bai jima ba ya cika. Na naɗe shi na ba dangina, na hau bayan mutumin nan tun kafin ya yi nisa. Na zo in ga ya ji abin da na ji. Na yi jifa, bai razana ba. Na lalata abinci, ya ci abinsa. Na kama 'yarsa, ya zauna yana kallo. To tunda haka ne, ɗa a bakin ɗa. Da ita zan koma."

Malam ya ce, "Ba za ki koma da ita ba. Kuskure ya yi, ba ganganci ba, kin kuwa san hukuncin kuskure. Yarinyar nan ba ta zuba miki komai ba. In kika ɗauke ta, ke da Allah, ni kuma ba zan tashi daga buzun nan ba sai ɗayanmu ya gaza. Faɗi abin da za a iya. Rago? Sadaka?"

"Me zan yi da rago?"

"To me kike so?"

Hannuwan Raliya suka saki abin da suke rungume da shi, suka faɗi kan cinya. Da muryar ta dawo, faɗan ya fita daga cikinta, gajiya kaɗai ta rage.

"Yau kwana ashirin ina gidan nan. Na bar makokin ɗana na biyo shi, ban zauna an gaishe ni ba. Babu wanda ya ce mini ya haƙuri. Shi ya kashe, shi zai fara. Ya tsuguna a gabana ya yi mini ta'aziyya yadda ake yi wa mutane. Gobe da asuba kuma ya mai da ni gida, shi kaɗai, yadda ya ɗauko ni. Ya kwashe ƙasar da ya ɓata ya zuba sabuwa. In ya yi haka, na bar masa 'yarsa har abada."

"Kin yi alkawari da sunan Allah?"

"Na yi."

Malam ya dubi Mahamud ya ce, "Mushe, ka ji. Wannan ba aikina ba ne, naka ne."

Mahamud ya miƙe. Ya cire takalmi, ya matso gaban babur, ya tsuguna. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar 'yarsa, fuskar da ta rame har ƙasusuwan kumatu suka fito, wata kuma tana kallonsa daga ciki. Rabonsa da ya dube ta ido da ido tun ranar da aka fita da gawar uwarta.

Ya ce, "Baiwar Allah, ashe abin da ya faru ke nan. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole."

"Ni ne sanadi, ban sani ba. Ki yafe mini. Allah ya ji ƙansa, ya sa mai ceto ne. Allah ya sanyaya miki zuciya."

"Amin," in ji muryar. Ta sake cewa, "Amin. Na gode."

Raliya ta yi atishawa sau uku, ta sulale, Jummai ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Warin ƙonannen mai da ya cika gidan kwana da kwanaki ya ɗauke. Babur ɗin ya ɗan yi ƙara, bayansa ya lotsa kaɗan, kamar wani ya gyara zama yana jiran gari ya waye.

Malam Bukar ya naɗe buzunsa ya fita alwala. Mahamud bai tashi ba, yana nan tsugune inda yake. Raliya ta buɗe ido a jikin gwaggonta. Ta dubi zaure, ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa. Ashe duk abin da aka faɗa tana ji, daga can nesa, kamar mai sauraron magana ta bayan katanga.

Da muryarta, ƙarama, ta ce, "Baba, ni ba ka yi mini ba."

Jummai ta kau da kai ta toshe baki da gefen mayafi.

Mahamud ya buɗe baki. Kalmomin da suka fito masa sumul ɗazu a gaban aljana suka ƙi fitowa. Ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa. Ya ja jiki a tsugune har gwiwarsa ta taɓa tabarmar da take kai.

"Raliya," ya ce. "Ya haƙuri?"

Ta girgiza kai. "Ban yi ba, Baba. Ina ta jiran ka dawo mu yi tare."

Sai ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ita, ya ɗora tafin hannunsa mai baƙin mai a kanta, kafaɗunsa suka fara rawa.