Motar da Ke Gefen Hoto

Ƙarfe bakwai saura na safe aka bugo waya ofishin 'yan sanda, cewa mota ta kaɗe wata mata a titin bayan kasuwar katako, kuma direban bai tsaya ba.

Kafin Sufeto ya iso an riga an lulluɓe ta. Mai sharar titi ce, ba ta kai shekara arba'in ba, 'ya'yanta uku. Mutane sun yi cincirindo, amma da Sufeto ya tambayi wanda ya ga abin da ya faru, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Haka ake yi masa kullum, har ya daina jin haushi.

Saje ya tsugunna ya tsinto wani fasasshen gilashi, da ɓarɓashin fenti ruwan madara.

"Yallaɓai, wannan ba fitilar motar zamani ba ce. Na yanzu duk roba ne. Dubi kaurinsa, kamar gindin kofi."

Sufeto na juya gilashin sai ya hango wani mai jar hula yana zare jiki.

"Kai, zo nan. Me ka gani?"

"Ni? Wallahi isowata ke nan."

Wani mai shago ya yi tsaki. "Dillalin gidaje ne. Tun ƙarfe shida yake nan yana ɗaukar hoton benen can da za a ba da haya."

Dillali ya yi tsuru-tsuru ya miƙa wayarsa. Hotuna goma sha ɗaya, duk na bene. A na takwas, can a gefe, ga bayan wata tsohuwar mota ruwan madara tana shan kwana. Lambar ba ta fito ba.

Aka wanke hoton a takarda. Duk ofis ba wanda ya san irin motar. Saje ne ya ce mutum ɗaya ne zai iya faɗa, wani tsohon mai gyaran jikin mota da ake kira Baba Guduma. Ko hancin mota ka nuna masa a hoto, zai gaya maka ƙirarta da shekarar da aka yi ta.

Garejin Baba yana ƙarshen wani lungu, shi kaɗai a ciki. Masu koyon aiki duk sun watse sun koma wajen motocin da ake gyarawa da kwamfuta. Bangon shagon cike yake da hotuna, don al'adarsa ce duk motar da ya gama sai ya ɗauke ta hoto, ya rubuta kwanan wata a ƙasa, ya rataye. Shekara arba'in da biyar yana haka.

Baba ya karɓi hoton daga hannun Sufeto, ya ɗora masa gilashin ƙara girma, ko minti ɗaya bai yi ba.

"Mai Fiffike ce wannan, ƙirar sittin da biyar. Mai wannan fenti ɗaya ce ta rage a garin nan, ta Hedimasta mai ritaya."

"Ka tabbata, Baba?"

"Yaro, kafin a haife ka nake bugun ƙarfe." Ya miƙo hoton. "Sai dai za ku ɓata ƙafarku. Abokina ne, shekara talatin. Motar nan ta fi shekara biyu ba ta motsa ba."

A tsakar gidan Hedimasta suka tarar da ita. Fitilar gaba ta hagu a fashe, tayoyi da sabon taɓo.

Hedimasta dattijo ne mai shekara saba'in da ɗaya, siriri, irin mutanen da ko a gida suke ɓalla maɓallin wuya.

"Malam, yaushe rabonka da fita da motar nan?"

"An daɗe. Ban ma tuna ba."

Matarsa Hajiya ta leƙo daga kicin, baiwar Allah, ba ta san abin da ke tafe da su ba. "A'a Malam, ba da safen nan ka fita da ita ba? Har na yi maka faɗa."

Dattijon ya rufe ido.

A ofis ya sauya magana. Ya ce asibiti ya je, hawan jininsa ya tashi, ba ya son Hajiya ta sani don ta cika damuwa. Fitilar kuma ƙofar gida ya daka da ita watan jiya. Katin asibitin ya nuna ƙarfe takwas, ba wanda ya ga inda yake ƙarfe bakwai saura. Mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya a gaban ɗan sanda, to ko gaskiya ya faɗa daga baya ba mai saurarensa. Aka rufe shi, aka janyo motar harabar ofis, shugaban ofis ya ce ranar Litinin fayil ya tafi kotu.

Kwana uku Hajiya na zaune a bencin gaban kantar ofis da kular abinci da ledar magani. Duk ɗan sandan da ya gifta sai ta miƙe tsaye. "Ɗana, Malam ko kaza bai taɓa takawa ba." Tun suna amsa mata har suka koma wucewa ta ƙofar baya.

Shi kuwa Sufeto abin ya ƙi kwanta masa. Ya daɗe a aikin nan, ya ga masu laifi iri-iri, bai taɓa ganin wanda yake neman afuwar kofur don ya dame shi da roƙon ruwa ba.

Safiyar kwana na uku ya fita harabar ofis da hoton, ya tsaya bayan motar, ya ɗaga shi daidai da ita.

Fitilun baya na hoton a tsaye suke. Na motar Hedimasta a kwance. Bambar hoton gida biyu ce, da tazara a tsakiya, wannan kuwa guda ce. Ya duba salansa: ta hoton a hagu, ta motar a dama.

"Saje! Zo ka ga abin kunya."

Saje ya duba sama, ya duba ƙasa, ya riƙe baki. "Tabɗijam. Yallaɓai, ai ko ni na ga ba ita ba ce."

"To mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana wannan aikin, yaya aka yi bai gani ba? Mu kuma da muka ji sunan gwani, ba wanda ya ƙara buɗe ido."

Bai rufe baki ba kofur ya fito a guje. Hedimasta ya yanke jiki ya faɗi a sel.

A asibiti likita bai ɓoye komai ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, baki ya karkace, magana ta tafi, kuma da wuya ta dawo. Sufeto ya tsaya a baranda. Da hannunsa ya sa hannu a takardar tsare mutumin nan, ba wanda zai ɗora wa.

Da azahar suka koma gareji. Baba Guduma na zaune a kan tsohuwar kujerar mota, hannu a gwiwa, ba ya aikin komai.

"Baba, mun ƙara girman hoton. Sake duba mana."

Ya karɓa, ya ɗora gilashinsa, ya gyaɗa kai. "Ita ce. Ga fiffiken nan, ga fitilun."

"Nuna min fiffiken da yatsa."

Ya nuna.

"Baba," in ji Sufeto a hankali, "hoton tankar ruwa ne a hannunka."

Gilashin ya suɓuce ya faɗi. Tsohon bai sunkuya ya nema ba.

Sufeto ya juya ga bango. Hotunan a jere suke, duk sun yi ƙura, amma a layin ƙarshe akwai ƙusa tsirara, sabuwa fil, ko tsatsa ba ta yi ba.

"Hoton wace mota aka cire a nan?"

Baba ya kau da kai.

"Tun yaushe idonka ya tafi?"

"Shekara biyu," in ji Baba. "Yanar ido ce ta rufe min su. Da safe ina ganin inuwa-inuwa. Da hannu nake aiki, hannu bai manta ba. Wa zan gaya wa? Ranar da aka ji Guduma ba ya gani, ranar za a daina kawo min ko keke."

Saje ya zagaya bayan shago ya yaye wani tamfol. Ga ta nan, ruwan madara, fitilun baya a tsaye, bamba gida biyu. Gabanta na hagu ya lotsa, an fara buga shi an bari.

"Ƙirar sittin da biyu," in ji Baba daga inda yake zaune, ko a wannan halin bai iya barin a yi mata kuskure ba. "Ta wani likita ce da ke ƙasar waje. Gawa aka kawo min ita, wata tara ina kanta. Na ɗauke ta hoto na rataye. Amma ban taɓa ba da mota ban ji tafiyarta da kaina ba, ko sau ɗaya. Na ce bari in fita da sassafe, titi ba kowa, in zagayo in dawo."

"Sai ka kaɗe ta."

"Na ji ƙara. Na ce wa raina durom ne. Ban gan ta ba, wallahi ban gan ta ba. Sai da na dawo na shafa gaban motar na ji ɗankwali a maƙale."

"Hedimasta fa? Me ya yi maka?"

Nan tsohon ya fashe da kuka, irin kukan manya mai wuyar saurare.

"Da ka miƙo min hoton ban ga komai ba, amma na san abin da ke ciki. Na ce in na kira tasa, za ku je ku tarar da ita a kan duwatsu, ku ba shi haƙuri ku tafi. Ina zan san ya tashe ta? Da na ji kun kama shi, kullum sai in sa takalmi in ce yau zan je, sai in zauna." Ya share fuska da hannun riga. "Yanzu za ku sake shi ko?"

Sufeto ya so ya yi masa ƙarya, bai iya ba. Ya gaya masa abin da likita ya ce.

Suka sa Baba a mota suka tafi da shi ofis. Ba a sa masa ankwa ba, ina za shi?

Hajiya na bakin ƙofa, ta zo karɓar hula da tabaran mijinta. Tana ganin Baba ya sauko daga mota ta taho da sauri, idanunta sun kumbura.

"Baba! Allah ya saka da alheri, na san ba za ka bar mu ba. Tun ɗazu nake cewa a je a kira ka, kai ne ka san motar nan ciki da waje. Gaya musu ba Malam ba ne." Ta ga yana laluben matakala da ƙafa, sai ta kama hannunsa. "Yi a hankali, taka nan."

Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya tsaya.

"Hajiya, ni na kashe matar. Ni kuma na ce musu motar Malam ce."

Ta dube shi, ta dubi Sufeto. Sufeto ya sunkuyar da kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta dai saki hannun.

Tsohon ya tsaya a tsakiyar matakala da hannunsa a miƙe, bai san inda ƙofa take ba, har sai da Saje ya kama hannun rigarsa ya shiga da shi ciki.